Yadda Na Tayar da Mai Katako Daga Kabari

A shekarar da ƙasarmu ta cika shekara biyu da samun 'yanci, babu wanda ya fi ni ilimi a duk birnin Yamai. Ba mutane da yawa ke da wannan ra'ayi ba. In gaskiya za a bi, ni kaɗai ne, amma na riƙe shi da ƙarfin mutum goma.

Sunana Zailani, ɗan Damagaram, kwamis, wato ƙaramin akawu, a wata ma'aikatar gwamnati. Duk wannan tarin ilimi nawa, aikin da aka ba ni shi ne lasar ambulan da manna tambur a wani lungu kusa da makewayi. Shekara uku ina yi, har harshena ya manta ɗanɗanon miya. Saboda haka ranar da direktenmu, Mushe Mahamadou (Mushe shi ne Malam a Faransanci), ya sanar cewa ma'aikata za ta buɗe ɗakin karatu, sai na ji zuciyata ta yi tsalle. Amurkawa sun ba da kyautar akwati huɗu na littattafai waɗanda aka juya zuwa Faransanci, ana neman wanda zai kula da su. Za a ba shi kujera mai hannu, da fanka a saman kansa, da makulli a aljihu.

Mu biyu muka nema, ni da Aïchatou, wata 'yar Maraɗi mai buga mana takardu da keken rubutu, mai tabarau da ƙarancin magana. Direkte ya ba kowannenmu kwafi ɗaya na wani shahararren littafin labari na Amurka, mai kauri kamar tubali.

"Mako biyu na ba ku," in ji shi. "Ranar Asabar ta sama bayan la'asar, kowa zai tsaya a tsakar ma'aikata ya yi bayanin mutanen da ke cikin labarin, da darussan da marubucin yake nufi. Wanda ya fi fahimta, makulli nasa ne."

"Mushe Direkte," na ce, "mako biyu ai ɓata lokaci ne. Ni da Amurkawa mun san juna."

Aïchatou ta ɗaga kai ta dube ni ta saman tabarau. "A ina kuka haɗu?"

"A rediyo," na ce mata.

Kwana takwas na farko ban karanta ko layi ɗaya ba, amma fa na yi wa littafin hidima. Na ɗauke shi a hammata zuwa ofis, na kai shi wajen mai shayi, na kai shi wajen wanzami, na ɗaure shi a bayan keke yadda bangon zai kalli jama'a. Duk unguwarmu ta Yantala ta san Zailani yana nazarin Amurka. Mai goro ma ya fara kirana Furofesa, ni kuwa ban ga dalilin gyara masa ba.

Maƙwabcina Jibo, Bazabarme ne mai lambun salak da tumatir a bakin kogin Kwara, shi kaɗai ne bai ruɗu ba. A rana ta tara na gangara lambunsa don in ilimantar da masu ban ruwa. Na ajiye littafin a bakin ramin da suke tara ruwa, na hau kan wani dutse.

"Fofo, Furofesa," in ji Jibo. "Littafin nan har yanzu bai gaji da yawo ba? Ko keke ne ke karanta shi?"

"Kai ka san tumatir, ni na san adabi. A Amurka akwai gidan da in ka tsaya a ƙasansa ka ɗaga kai, hularka sai ta faɗi."

Na ɗaga kai don in nuna musu, na ja da baya taki ɗaya. Hulata ba ta faɗi ba. Diddigena ne ya bugi littafin, ya yi tsundum cikin ramin.

Jibo ya tsamo shi da garmar lambu. Muka shanya shi a kan zana, muka koma muna gardama kan wanda ya haƙa rami a inda bai kamata ba. Kafin mu gama, akuyar Jibo ta cinye bangon gaba da na baya, ta ɗanɗani gefen shafuka. Ruwa kuma ya narkar da ƙaron da ya riƙe gindin littafin. Da na ɗaga shi sai ya rabu gida biyar a hannuna, kowane kashi na labarin da ƙunshinsa. Na jera su yadda suke, na farko a sama.

"Je ka gaya wa direkte," in ji Jibo.

"In ce masa akuya ta ci kayan gwamnati a hannun mai neman riƙon ɗakin karatu?"

"To roƙi yarinyar nan ta ara maka nata."

"Gara in ci sauran da kaina."

Jibo ya yi dariya har ya zauna a kan kunya. Da ya huce sai ya ce akwai wani dattijo a kasuwar Katako, Baba Illo baduku, mutumin garin Tawa, wanda malaman gari ke kai wa littattafansu ya ɗinke. Shekara talatin yana wannan sana'a, ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Abin da Jibo bai faɗa ba, ni ma ban tsaya na yi tunani a kai ba, shi ne duk littattafan nan na shekara talatin na Larabci ne, irin waɗanda ake buɗewa daga dama.

Na same shi a rumfarsa bayan masu sayar da katako, yana zaune cikin fatu da zare da basilla. Ya juya ƙunshin nan biyar a hannunsa, ya shinshina.

"Ɗana, mi ya samu littahin ga? Ruwa da akuya, ko?"

"Baba, gwaji ne na kimiyya."

"To. Wane na farkonai?"

Na nuna masa na sama.

"Kana so in ɗunka ma shi yadda ya kamata?"

"Yadda ya kamata, Baba. Kada ka rage komai daga gwanintarka."

Bayan kwana biyu na koma. Wallahi aiki ya yi kyau. Ya sa masa jar fata gaba da baya iri ɗaya, ya datse gefen da akuya ta tauna da wuƙa har ya yi santsi, lambobin shafuka duk sun tafi tare da tarkacen. Ya fara cewa, "Ka ga, Nasara su kan..." sai na katse shi, na ce ina sauri, amma lalle ya zo ranar Asabar ya ga aikinsa a hannun gwani. Ban bar shi ya ƙarasa ba, don tun ina yaro ba na son a bayyana mini abu.

Saura kwana uku. Na zauna a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gida, na buɗe littafin daga hagu yadda aka koya mana a lakwal, makarantar boko. Shafin farko ya ce: Kashi na Biyar.

Na sake duba shi. Sai haske ya zo mini. Ai a rediyo na ji Amurkawa suna harba kumbo sama, kuma da baya-baya suke ƙirga: biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Ashe har a littattafansu haka suke yi! Na yi wa kaina murna, na tausaya wa Aïchatou da ba ta sauraron rediyo.

Gwarzon labarin sunansa ya fi ƙarfin bakina, sai na raɗa masa Mai Katako, don da itace ya yi arziki. A kashin da na fara da shi, tsoho ne shi kaɗai a wani makeken gida mai taga arba'in, ba mata, ba ɗan'uwa, yana tari. Kafin in kai shafi na sittin ya mutu, mutum uku suka binne shi cikin ƙanƙara. Na ce ikon Allah, to sauran shafi ɗari huɗun na wane ne? Na buɗe Kashi na Huɗu, sai ga shi garau a kan doki yana zagin ma'aikata.

"Jibo!" na ƙwala kira ta kan katanga. "Ya tashi!"

"Wa?"

"Mamacin! Ga shi yana cin nama!"

Jibo ya leƙo. Na zayyana masa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mu dai a lambu sai mun shuka muke cirewa. Ka tabbata littafin nan ƙalau yake?"

"Wannan shi ake kira zurfi. Ba a yi shi don masu tumatir ba."

Na ci gaba, abin sai ƙara daɗi yake. A ƙarshen Kashi na Huɗu matarsa ta tattara kayanta ta bar shi, a Kashi na Uku sai ga su ana ɗaura musu aure. A Kashi na Biyu dukiyar ta tafi kaf, yana leburanci a injin yankan katako, yana kwana ɗaki ɗaya da ƙanensa wanda ya cuta a baya. A Kashi na Ɗaya kuwa, uwarsa da na ga yana kuka a kabarinta, ga ta da ranta tana toya masa gurasa, shi kuma yana gudu ba takalmi a gona. Na rufe littafin idona cike da ƙwalla. Na rubuta shafi goma sha biyu na sharhi ba tare da na goge kalma ɗaya ba.

Ranar Juma'a Aïchatou ta tsaya a lunguna.

"Mushe Zailani, ka kai ƙarshe? Ni sai da na yi hawaye."

"Hawayen farin ciki, ai dole."

"Farin ciki?" Ta cire tabarau. "In kana so mu zauna mu kwatanta abin da muka fahimta..."

"Malama, kowa ya ji da nasa," na ce, na danne takarduna da gwiwar hannu. Ni a ganina satar fasaha ta zo yi.

Ranar Asabar tsakar ma'aikata ta cika, kuma ni na cika ta. Na gayyato masu lambu, da mai goro, da wanzami, da dattawan unguwa uku, da Baba Illo wanda ya zo da babbar riga ya zauna a sahun gaba. Ni na ci kwat na aro wanda hannunsa ya tsaya mini a rabin damtse. Direkte ya ce mace ta fara, na ce a'a, a bar ni in share fage, don kada abin ya yi mata nauyi daga baya.

"Jama'a," na fara, na ɗaga jan littafin sama, "wannan labari ne na mutumin da ya mutu tun a farko."

Wanzami ya ce, "Inna lillahi."

"Kada ku damu, ba ta daɗe ba. Marubucin ya ba shi dama ta biyu. Babban darasin littafin nan shi ne tuba. Mai Katako ya dawo duniya da girman kansa, matarsa ta yi yaji. Sai ya yi nadama, ya je biko, aka sake ɗaura aure da kiɗa da rawa!"

"Madalla!" in ji dattawa.

"Bai tsaya nan ba. Ya rabu da dukiyarsa duka, gida mai taga arba'in, dawakai, komai, ya koma lebura. Ya shirya da ƙanensa har suna rufa da bargo ɗaya. Wannan shi ne darasi na biyu, zumunci. Sakamakonsa kuwa, aka mayar masa da ƙuruciyarsa, aka mayar masa da uwarsa."

Mai goro ya share ido da bakin riga. Wani dattijo ya ce ashe Amurkawan nan suna da tsoron Allah, shi da yake ji ana cewa sai harbe-harbe. Aka tafa mini. Na dubi direkte don in ga sha'awa a fuskarsa, sai na ga ya buɗe baki, alƙalaminsa a tsaye a iska. Na ɗauka mamakin zurfina ne ya kama shi.

Aïchatou ta ɗaga hannu.

"Mushe Zailani, ina da 'yar tambaya. Ta yaya ya tashi daga kabarin?"

"Marubucin bai faɗa ba. Manyan marubuta ba sa faɗin komai da komai."

"To matar da ka ce ya je bikonta, me ya sa da suka haɗu take tambayarsa sunansa?"

"Jan aji ne. Ke ma mace ce, kin sani."

Aka yi dariya, na ji ƙarfi.

"Ƙanen nasa fa? Da suna kwana ɗaki ɗaya, me ya sa ko sau ɗaya bai ambaci filin da aka ƙwace masa ba?"

"Haƙuri. Darasi na uku ke nan, na manta ban ambata ba."

"A ƙarshe kuma an ce yana da shekara bakwai, haƙoransa biyu sun fita."

"Tuba tana rage shekaru!" na ce da ƙarfi, gumi yana bin wuyan kwat ɗin aro.

Jibo ya ɗaga murya daga baya. "Furofesa, in an ƙara kashi ɗaya, sai ya koma cikin uwarsa ke nan?"

Tsakar gida ta ɗauka da dariya. Direkte ya miƙo hannu. "Ba ni littafin nan."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya buɗe gaba, ya buɗe baya, ya sake buɗe gaba.

"Wannan ba bangon da na ba ka ba ne. Kuma me ya kawo Kashi na Biyar a farko?"

"Mushe Direkte, ai haka Amurkawa suke ƙirga. In za su harba kumbo..."

"Wa ya ɗinka wannan littafi?"

Baba Illo ya miƙe a hankali, ya gyara babbar riga, ya juya don kowa ya gan shi.

"Ni na ɗunka shi, ranka shi daɗe. Bayan da ya hwaɗa ruwa akuya ta ci bangon, yaron ga ya kawo min shi gida biyar."

"Akuya?" in ji direkte.

"Tawa ce, Mushe," in ji Jibo. "Tana nan lafiya."

"Na tambaye shi wane na farko, ya gwada min," Baba Illo ya ci gaba. "Na aza na farko ga dama, inda littahi ka farawa tun da anka fara rubutu, sauran na bin shi. Nasara su ka yin nasu a birkice, ni na gyara. Na so in hwaɗa mai, ya ce shina sauri."

 Sai Aïchatou ta rufe fuska da takardunta, kafaɗunta suna rawa. Daga nan abin ya ɓarke. Wanzami ya faɗo daga benci. Masu lambu suna dukan cinya. Mai goro da ya yi kuka saboda uwar Mai Katako ya miƙe a fusace.

"Wato uwar tasa ba ta dawo ba?"

"Ba ta dawo ba, Baba," in ji Aïchatou tana share ido. "Yaro ne talaka da ya yi arziki, ya cuci ƙanensa, ya kori matarsa da baƙin hali, ya mutu shi kaɗai. Sau ɗaya ya mutu, kuma a ƙarshe."

"Ka sa na zubar da hawaye a banza!" mai goro ya ce mini. "Furofesan akuya!"

Na yi ƙoƙarin in ce ai ta wata fuskar duka fassarorin biyu suna da madogara, amma dariya ta danne maganata. Na zauna, kwat ɗin aro ya yage a baya, kowa ya ji.

Aïchatou ta yi nata bayanin cikin minti ashirin, ba ihu, ba ɗaga hannu. Ta ce Mai Katako ba mugu aka haife shi ba. Ciwonsa shi ne tun da ya fara samu ya daina tambaya, duk wanda ya buɗe baki zai gaya masa gaskiya sai ya katse shi, har aka wayi gari ba sauran mai yi masa magana. Ba ta dube ni ba da take faɗin haka, amma duk tsakar gidan ta dube ni a madadinta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har cikin ƙashina.

Direkte ya ciro makulli ya ba ta. Sannan ya juya ga Baba Illo ya yaba ɗinkin, ya ce akwai tsofaffin littattafan ma'aikata da ke bukatar bango, in zai yarda Malama Aïchatou ta riƙa nuna masa inda Nasara ke farawa. Baba Illo ya ce zai yi, ko da yake kuskure ne.

"Kai kuma, Zailani," in ji direkte, "tun da ka iya ɗaukar littafi a keke, kai za ka riƙa kai su Katako kana dawowa da su duk Alhamis. Sauran kwanaki, ambulan na jiranka."

Haka na shiga aikin ɗakin karatu, ta ƙofar baya, da igiyar ɗaure kaya a hannu. Kujera mai hannun nan ban taɓa zama a kanta ba, sai dai in tsaya ƙarƙashin fanka na ɗan lokaci in Malama Aïchatou tana sa hannu a takarda. Jan littafin kuwa ba wanda ya yarda ya ara, sai ta ba ni shi ta ce in fara daga dama.

Na karanta shi daidai, kashi bayan kashi, mako guda cur. Ranar da na gama ina zaune a gindin bedi, jikina a sanyaye, Jibo ya dawo daga lambu da kwandon salak a ka.

"To, Furofesa, yaya mutuminka?"

"Ya mutu, Jibo."

"Bai tashi ba?"

"Bai tashi ba. Mutum uku ne kawai a jana'izarsa."

Jibo ya sauke kwando, ya dube ni da gaske, ya girgiza kai.

"Kai ka kashe shi," ya ce. "Da ka bar bawan Allah yadda Baba Illo ya ɗinka shi, da yanzu yana gidan uwarsa yana cin gurasa."